Makaranta a Teburin Kicin

Daga gida, 9 ga Oktoba

Bogdan,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata teku ta lafa muku, bayanka kuma ya bar yi maka ciwo. Autarmu Jagoda ta yi mura ta warke, haƙorinta na gaba yana girgiza, tana ta nuna wa kowa. Mamarka lafiyarta ƙalau, ita kaɗai ta tone dankalinta, ta hana kowa ya taya ta.

Na san kyaftin ɗinku yana ganin saƙo kafin ya buga muku shi a takarda. Ya karanta, ban damu ba.

Ɗanmu Witek ya daina magana. Ba in'inar da ka sani nake nufi ba, wadda yake maƙalewa a kan kalma har ta fito. Ya yi shiru ɗungurungum. Da suka shiga aji huɗu aka ba su sabuwar malamar harshe, mai son kowa ya miƙe ya kawo waƙa da ka. Ranar da layi ya zo kansa, ya maƙale a kalmar farko. Yaran suka dinga buga tebur suna kwaikwayonsa, ita kuma ta kira cikakken sunansa ta ce, "Witold, ba kai kaɗai ba ne a ajin." Da aka tashi, wasu yara suka danne shi a bayan makaranta, suka cusa masa jiƙaƙƙen ganye a baki, wai za su buɗe masa bututun da ya toshe. 'Yar maƙwabta ce ta faɗa mini. Shi dai ya shigo da ƙasa a haƙoransa, ya wuce ɗaki.

Tun daga nan kullum sai ya yi amai a wurin jiran bas. Ranar Talata aka kira ni a wurin aiki, wai bai je ba. Na fita da rigar aiki ina warin hayaƙin kifi, na zaga ƙauyen nan kaf ina kiran sunansa. Har bakin ruwa na je, Bogdan, na tsaya ina duban ruwan. A wurin tsoho Klemens masunci na same shi, a ƙarƙashin kwalekwalen da aka kife, hannayensa sun sandare don sanyi.

Shugaban makaranta ya ce yara ne, za a ja musu kunne. Na ce to. Wata mata da ke sayen kifi a wurinmu ta ce doka ta yarda a koyar da yaro a gida, in wata makaranta ta rubuta sunansa, a ƙarshen shekara ya je a yi masa jarrabawa. Na hau bas zuwa garin Wejherowo, na samu wata shugabar makaranta da ta saurare ni har ƙarshe, ta yarda. A gidan bandar kifin da nake aiki na koma zuwa Asabar da Lahadi kawai. Litinin za mu fara, a teburin kicin.

Na san abin da za ka ce, ni da na gama makaranta da ƙyar. Amma ba zan sake tura shi cikin bas ɗin nan ba. Ka ce mini wani abu.

Taka,
Lucyna

A bakin tashar jiragen ruwa ta Santos, 21 ga Oktoba

Lusia,

Ina gaishe ki da yara. Ni lafiya lau, bayan da sauƙi. Muna tsaye a wajen tasha muna jiran layin lodin waken suya, zafi kamar a tanda.

Na karanta saƙonki a ɗakin inji, na fita waje na sake karantawa. Da ina gida, da na bi gidajen iyayen yaran nan ɗaya bayan ɗaya. Ga ni nan, ko waya ba ta kamawa.

Ba zan ɓoye miki ba, abin ya ba ni tsoro. Yaron da ba ya magana, a zaunar da shi a kicin, da wa zai koyi maganar? Lissafin aji huɗu fa? Turanci fa? Amma ni ban ga ƙasar nan a bakinsa ba, ke kika gani. Ki yi abin da kika ga dama, ke ce a wurin.

Na rubuta wa Mama ma, tunda ita tsohuwar malama ce. Ki ce wa Jagoda ta ajiye mini haƙorin. Witek kuma, ban san me za ki ce masa ba. Ki ce babansa yana gaishe shi.

Bogdan

Daga gida, 12 ga Nuwamba

Bogdan,

Muna lafiya, in ta jiki ake tambaya. An kawo kwal, dusar ƙanƙara ta farko ta sauka ta narke. Haƙorin ya fita.

"Ki yi abin da kika ga dama." Na gode. Haka mutum yake faɗa in ya zare hannunsa daga abu. Na gane. In ya yi kyau namu ne, in ya lalace nawa ne.

To bari ka ji yadda yake lalacewa. Na sayo ƙaramin allo na rataye a gefen firiji. Na rubuta jadawali na manna a ƙofa. Agogon dafa ƙwai na mayar ƙararrawa. Da ya kaɗa a ranar farko, sai fuskar yaron ta yi fari fat, ya ruga bayi. Ashe makarantar na ɗauko na kawo masa har cikin gida, inda yake ɗan samun sararawa.

Na jefar da agogon. Amma littattafan nan! Ina wanke kwanuka ina karanta darasin gobe, in gane rabi, da safe in tsaya a gabansa rabin ma ya gudu. Wai a tara sulusi da rubu'i. Na yi, na duba amsa a bayan littafi, ba ita ba ce. Shi ya ja takardar ya gyara mini, bai ko ɗago kai ba. Jagoda na ƙarƙashin tebur tana ja mini safa, miya na ƙonewa. Ba wanda zan tambaya. In na shiga kanti matan sai su yi shiru. Fada ya tare ni bayan coci, yana tambayata ko wata sabuwar ɗariƙa na shiga.

Jiya na yi abin da ya fi komai muni. Littafi ya ce ya karanta shafi da ƙarfi. Na jira, na lallashe shi, na sake jira. Sai kawai na ji na daki tebur ina cewa, "Buɗe bakinka! Saboda kai na bar aikina, buɗe bakinka!" Ya yi mini wani kallon da ban taɓa gani ba, ya sulale ƙarƙashin tebur wurin ƙanwarsa. Ni kuma na shiga rumfar kwal na yi kuka har na ƙoshi, na fito baƙi ƙirin.

Bogdan, in da hannuna na ƙarasa kashe masa muryar fa? Kada ka sake ce mini in yi abin da na ga dama. Ba abin da nake gani.

Lucyna

Daga gida, 3 ga Disamba

Bogdan,

Ban san ko kana lafiya ba, tunda ba ka amsa ba. Mu dai muna numfashi.

Yau wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ta buɗe firiji, ta duba gadajen yara, ta duba wuyan Witek da hannayensa. Ta tambaye shi ko ana dukansa. Bai amsa ba, ta rubuta.

Mama ce ta kai ƙara, wai an hana jikanta ilimi. Da na je na same ta, ta shiga ɗaki ta fito da saƙonka ta ɗora mini a hannu: "Mama, ki sa mini ido a kan yaran, ban san abin da ke faruwa a gidan nan ba." Ta ce, "Uban yaro ne ya sa ni. Rabin ƙauyen nan ni na koya musu karatu, ba zan zuba ido mai bandar kifi ta mayar mini da jika bebe ba."

Maganar za ta je kotun iyali. Da ni ka faɗa wa kai tsaye cewa ba ka yarda da ni ba, da ya fi. Kada ka jira wata wasiƙa daga gare ni.

Lucyna

Iskandariya, 19 ga Disamba

Lusia, don Allah ki karanta har ƙarshe.

Lafiyata ƙalau, ba abin da ya same ni. Na'urar saƙonmu ce ta mutu tun muna tsakiyar teku, sai da muka iso nan aka gyara. Wasiƙunki biyu a tare kyaftin ya miƙo mini, ya kasa haɗa ido da ni.

Na rantse da Allah, da na ce ki yi abin da kika ga dama, nufina na yarda da ganinki. Ni ba gwanin rubutu ba ne, kin sani. Abin da na rubuta wa Mama kuwa, so nake ta riƙa ɗauke miki Jagoda, ta kawo muku miya, ta zauna da ku. Ido na ce, ban ce hukuma ba. Uwata ce, ya kamata in san yadda za ta ɗauki maganar.

Na roƙi a sauke ni a nan. Kamfani ya ce babu mai canjina sai Yuni, in kuma na sauka da kaina to mun rabu ke nan. Na tsaya a bakin matakala da jakata a hannu. Na tuna ke ma kin rage aiki, ga hunturu, ga yara. Na koma ɗakin inji. Ki zage ni yadda kike so, amma ki rubuto.

Bogdan

A teku, 24 ga Janairu

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina fata sanyin nan bai tayar miki da ƙafar ba. Kirsimeti ta wuce, sabuwar shekara ta wuce, ban ji daga Lucyna ba. Na kira daga tasha, ta ɗauka, tana jin muryata ta miƙa wa Jagoda.

Mama, me ya sa kika yi haka? Ni ban aike ki wurin hukuma ba. In aka karɓe mana yaron nan, ban san gidan da zan dawo in tarar ba. Ki faɗa mini gaskiyar halin da ake ciki, ko mai ɗaci ce.

Ɗanki,
Bogdan

Daga gida, 15 ga Fabrairu

Ɗana,

Na samu saƙonka. Ƙafa tana nan yadda take. Yara lafiya. Matarka ta rame, tufafinta duk sun yi mata yawa.

Ba na son a yi mini tambaya irin ta ɗan sanda. Abin da na yi, na yi ne don ina ganin shi ne daidai. Yaro wurinsa aji, har gobe a kan haka nake. Amma ka ce in faɗa maka gaskiya.

Bayan Kirsimeti na je gidan da tsofaffin littattafaina. Matarka ta buɗe ƙofa, ta dube ni, ta dubi jakar. Na zaci za ta rufe. Sai ta ce, "Shigo, Malama. Ga shi nan, ki nuna mini yadda ake yi." Na zaunar da shi, na buɗe littafi, na ɗora yatsa a layin farko. Na ce, "Witold, kakarka ce. Karanta." Bogdan, na san yaro mai taurin kai, na san malalaci, tun daga ƙofa nake gane su. Wannan ba haka ba ne. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, leɓɓansa na rawa, gumi na tsiyayo masa a tsakiyar hunturu. So yake ya yi mini, abin ya ƙi. Ni na rufe littafin da kaina.

Ya fita. Na zauna, matarka na fere dankali. Can sai na ji murya ƙasa-ƙasa daga kan matakala. Na yunƙura zan tashi, ta damƙe ni da jiƙaƙƙen hannunta har na ji zafi, ta girgiza mini kai. Shi ne. Labarin sarakunan dā yake karanta wa Jagoda daga littafin tarihinsa. Yana maƙalewa, amma ja'irar ba ta ma lura ba, tana taje wa 'yar tsanarta kai. In ya tsaya sai ta ce, "Sai me?" Shi kuma ya ci gaba. Muka zauna kamar gumaka har wuta ta mutu a murhu. Daga baya matarka ta ce mini ta kwana biyu da sani. In ta leƙa sai ya yi shiru, shi ya sa take barin littafin a kan matakala kamar mantuwa ta yi.

Yanzu kullum da safe ina zuwa. Ni ce da lissafi, a takarda kawai, ba na tambayarsa komai da baki. Ita ce da sauran. Ta mayar da Jagoda ɗalibarsa, duk darasin da za a yi shi zai koya wa ƙanwarsa. Ba haka aka koya mana koyarwa ba. Na dai ƙyale ta.

Na je in janye ƙarar, aka ce ba a janyewa. Alƙali ya ce a jira jarrabawar Yuni. In ya ci, a ƙyale su. In ya faɗi, ya koma makarantar ƙauye, a kuma sa jami'in kotu ya riƙa bibiyar gidan. Jarrabawar akwai ta baki, a gaban malaman da bai taɓa gani ba. Ka yi addu'a.

Mahaifiyarka,
Teodora

Daga gida, 26 ga Afrilu

Bogdan,

Barka da Ista. Ina fata kana lafiya. Wasiƙunka duk na karanta, har wadda ka zana mini sulusi da rubu'i a jikin tankin mai. Ban gama hucewa ba, amma ba ni da ƙarfin haɗa fushi da tsoro a lokaci ɗaya.

Yanzu yana ce mini "to", da "a'a", da "na ƙoshi". Ranar Juma'a ya ce wa Mama lissafinta ne ba daidai ba. Ta ɗaure fuska, ta shiga bayi ta daɗe, ta fito idanunta jawur. Amma da baƙo ya shigo, ko mai kawo wasiƙa ne, shi ke nan. Mun gwada da Klemens, muka zaunar da shi a matsayin mai jarrabawa, tsohon har da kwat ɗinsa ta zuwa coci. Ko uffan yaron bai ce ba.

Na roƙi shugabar Wejherowo a yi masa ta rubutu kawai. Ta ce da a hannunta abin yake da ta yi, amma ƙa'ida ta ce rubutu da baki. Na roƙi a bar Jagoda ta shiga ta zauna, an ce iyaye kawai.

Abinci ba ya wuce mini. In suka ce ya koma, Bogdan, ban san abin da zan yi ba. Har na fara tunanin in kwashe su mu tafi wurin yayata a Dublin ba tare da kowa ya sani ba. Ga shi dai na faɗa maka.

Lucyna

Daga gida, 17 ga Yuni

Bogdan,

Ina fata wannan ta same ka lafiya kafin ku shiga Rotterdam. Mu ma lafiya. An yi jarrabawar.

Rubutu aka fara yi, bai ba shi wahala ba. Sai aka zo ta baki, harshe ne farko. Na zauna a bayan aji, Mama na waje da Jagoda tana jan carbi. Malamai uku ne a gaba, ɗaya saurayi mai yawan kaɗa biro. Shugabar ta miƙa wa Witek shafi, ta ce ya karanta, sannan ya faɗi abin da ya gane. Ya karɓa. Ya buɗe baki. Ba komai. Ya sake. Kunnuwansa suka yi jawur. Saurayin ya dubi shugabar ya soma cewa, "Wataƙila mu..." Na riga na ɗauki jakata, Bogdan. A raina har na fara zuba kaya a akwati.

Sai Witek ya ɗaga hannu, irin na mai tsayar da mota. Ya ce, "Ku... ku-ku... ku jira ni."

Saurayin ya ajiye bironsa. Shugabar ta naɗe hannu ta jingina da kujera. Witek ya fara. Kowane layi sai da ya yi kokawa da shi, wata kalmar sai ya buga ƙafa a ƙasa kafin ta fito. Ba wanda ya ƙarasa masa ko guda. Ya kai ƙarshen shafin rigarsa sharkaf. Da aka tambaye shi me ya gane, ya amsa a taƙaice, kuma daidai.

Biyu suka ba shi, makin da ya fi kowanne ƙanƙanta a cikin na ci. Ban taɓa ganin lamba mai kyanta ba. Sauran darussan ma haka ya bi su, da ƙyar, amma ya bi. A lissafi biyar cikin shida ya samu. Da muka fito Mama ta karɓi takardar ta ce, "Biyu? A gidanmu?" Sai ta fashe da kuka a gaban mai shara.

An yarda mu ci gaba da koyar da shi a gida shekara mai zuwa. Kada ka ɗauka an gama. Har yanzu ba shi da aboki, matar jin daɗin jama'a za ta sake zuwa kafin a rufe maganar kotu, ni kuma na leƙa littattafan aji biyar na rufe da sauri. Turanci naka ne, na riga na faɗa masa, tunda da shi kake faɗa da mutane a jirgi kullum.

Za mu tare ka a tashar jirgin ƙasa a Gdynia. Ya ce shi zai fara gaishe ka, ya gargaɗi Jagoda kada ta riga shi. Na san halinka, za ka ga yana shan wahala ka rungume shi ka ce ya isa haka. Kada ka yi. Ka ajiye jakarka, ko mutane na bangazarka, ka tsaya har ya gama.

Taka,
Lucyna